Yadda ake ɗinka kyallen koyon allura irin na 'yan matan Ingila na da

A Ingila, daga ƙarni na 16 har zuwa na 19, ana auna ƙwarewar yarinya a aikin allura ne da wani kyalle da suke kira samfila, wanda take jera haruffa da lambobi da zanen ado a kansa, sannan ta rufe da sunanta da shekarar da ta kammala. Mafi tsufa a cikin masu ɗauke da shekara shi ne na Jane Bostocke na 1598, wanda ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, inda kuma aka ajiye na Martha Edlin, wadda ta gama nata a 1668 tana 'yar shekara takwas. Ga mai koyo, salon da ya fi dacewa shi ne na gidajen marayu da George Müller ya kafa a Bristol, domin jan zare ne kaɗai a kan farin kyalle, ba ruwanki da haɗa launuka.

Da farko ki nemi farin kyallen lilin wanda zarensa na tsaye da na kwance suke daidai wa daida, kamar mai zare 28 a kowane inci, da allura mai dakusasshen baki lamba 24, da jan zaren auduga mai sili shida. Ki bi gefen kyallen da ɗinki don kada ya warware, sannan ki ɗaure shi a zoben katako ya miƙe ba tare da ya yi tauri kamar fatar ganga ba.

Kafin allura ta taɓa kyalle, ki tsara haruffanki a takarda mai ƙananan gidaje, kowane gida ya zama ɗinki ɗaya. Nan ne aikin ya bambanta da na mai ɗinkin hula, wanda yakan zana adonsa a jikin yadi ya bi sawu. Wannan aikin ƙirga ne zalla, kuma abin da aka so yarinya ta koya ke nan, saboda a zamanin mafi yawan 'yan mata marayun Bristol aikatau suke tafiya a gidajen masu hali, inda za a sa su ɗinka harufan farko na sunan maigida da lamba a kan zanen gado da tawul don kada su ɓace wajen wanki. Kyallen shi ne shaidar da yarinya ke nunawa cewa ta iya.

Yanzu ki yanko zare kamar tsawon kamu ɗaya, ki zare sili biyu daga cikin shidan ki zura a allura. Kada ki yi ƙulli. Ki bar ɗan wutsiya a bayan kyalle, ɗinkin farko ya danne shi. Ki fito da allura daga ƙasa, ki tsallake zare biyu zuwa sama da biyu zuwa dama ki nutsa, sannan ki dawo ki gicciya shi ta ɗaya ɓangaren. Abin da ya fi wahalar kiyayewa, kuma da shi ake gane hannun da ya ƙware, shi ne silin da ke sama ya riƙa kallon gefe ɗaya daga farkon kyalle har ƙarshensa, domin guda ɗaya da ya juya yakan fito fili da zarar haske ya faɗa kansa. Idan kika tarar kin yi kuskuren ƙirga, gara ki warware nan take, don harafi ɗaya da ya goce zai ture duk layin.

Ki fara da manyan haruffa a layin sama, ki biyo da ƙanana, sai lambobi, kina raba layukan da siririn ado. Kada ki yi mamaki idan kika ga babu J ko U a tsofaffin kyallaye da yawa, domin a zamanin I da V ne ke tsaya musu. A ƙasa ki saka sunanki da shekara.

In kin gama, ki gwada ɗan guntun zaren a ruwan sanyi ki ga ko yana zuba kafin ki wanke kyallen, sannan ki kifa shi a kan tawul ki goge ta baya don kada ɗinkin ya kwanta.