Yadda Za Ki Koya wa 'Yarki Fifita Hali a Kan Kwalliya

Ni tela ce a Wusasa, kuma abincina daga adon mutane yake fitowa. Ina son atamfa mai kyau, ina jin daɗi in ga ɗinkina ya zauna a jikin mace. Saboda haka, 'yar'uwa, kada ki ɗauka mai ƙin kwalliya ce ke yi miki magana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a shagona ana saura mako guda Kirsimeti. Wata uwa ta kawo 'yarta awo, yarinyar ba ta wuce shekara 12 ba. Da uwar ta warware atamfar da ƙarfinta ya kai, sai yarinyar ta kawar da kai, hawaye na zuba. Ta ce, "Mama, in na sa wannan a baya za a zaunar da ni." Tef na hannuna, amma na kasa ci gaba da awon. Wannan karatu a wurinmu manya ta ɗauke shi, a gida da cikin majami'a.

To, ga abin da nake yi da nawa 'ya'yan da kuma 'yan ajina na makarantar Lahadi.

Fara da bakinki. Ki yi mako ɗaya kina sauraron irin yabon da kike yi mata. Yawancinmu ranar Lahadi da safe kalmar farko ita ce, "Kai, kin yi kyau!" Ba laifi, ki faɗa. Amma in shi kaɗai take ji daga gare ki, za ta ɗauka darajarta a madubi take. Ki riƙa kama ta tana aikin kirki, ki ambaci abin da sunansa: "Na ga yadda kika karɓi bokitin Gwaggo ba tare da an sa ki ba," ko "Kin faɗi gaskiya a kan canjin nan ko da yake kin san zan yi faɗa." Cewa "yarinyar kirki" kawai ba ya kama zuciya kamar a faɗi takamaiman abin da ta yi. Kuma ki bari ta ji kina yabon halin wasu a bayan idonsu, domin hirar da ake yi a hanyar dawowa daga sujada makaranta ce. In duk hirar leshin wance ne da ɗaurin ɗankwalin wance, an gama wa'azin gida ke nan.

Sai darasin da na fi so, wanda sana'ata ta koya mini. Ki ɗauko riguna biyu, ki sa ta zaɓi wadda ta fi kyau. Sannan ki ce ta juya su ciki waje. Kowace tela ta san a nan ake gane aiki: ko an kalmashe bakin yadin, ko an ƙulle zaren, ko an sa shafi, ko kuwa an bar ƙyalle yana zarewa. Akwai rigar da ke ɗaukar ido a rataye, wanki biyu ta ɓarke a hammata. Yayin da rigar ke juye a hannunta, ki buɗe mata 1 Sama'ila sura 16. Annabi Sama'ila ya je gidan Yesse a Baitalami neman wanda zai gaji sarauta. Da ya ga Eliyab, dogo mai kwarjini, ya ce a ransa lalle wannan ne. Ubangiji ya hana shi, a aya ta 7 ya nuna masa cewa mutum waje yake dubawa, shi kuwa zuciya yake duba. 'Ya'ya bakwai suka wuce, sai da aka aika jeji a kira autan da ke kiwon tumaki, wato Dawuda. Ki nuna mata abu biyu a nan. Annabi ne guda ido ya ruɗa, balle ni da ke. Kuma nassin bai ɓoye cewa Dawuda kyakkyawa ne ba, don haka kyau ba zunubi ba ne, sai dai ba shi aka auna ba.

Kayan Kirsimeti kuwa, ki yanke abin da za ki kashe tun kafin ki taka kasuwar Sabon Gari, ki faɗa mata adadin. Kada ki ci bashi, kada ki cinye adashin kuɗin makaranta saboda kwana ɗaya. Turmin atamfa yadi 6 ne, ƙaramar yarinya ba ta cinye shi. Ki tambaye ta wa za a ɗinka wa ragowar. Ita za ta zaɓa, ita za ta kai, kuma a asirce, ba a gaban ƙawaye ba.

Maganar wurin zama ita ta fi ci mini rai, domin laifin namu ne. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta kawo misalin nan ƙarara: mai zoben zinariya da tufafi masu ƙyalli ya shigo taro aka ba shi wuri mai kyau, matalauci aka ce ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Yakubu ya kira wannan tara, wato nuna bambanci, ya ce zunubi ne. In kina cikin masu zaunar da mutane, ki gyara. In ba kya ciki, ki kama hannun 'yarki bayan an tashi ku je ku durƙusa ku gai da tsohuwar da zaninta ya koɗe, kamar yadda za ku gai da matar mai kuɗi. A Zumuntar Mata ma mu duba batun anko. Wadda ba ta iya saya ba, a haɗa mata shiru kafin ranar taro.

Kada ki taɓa yin wasa da launin fatarta, kada ki bar wani ya yi. Daga irin wannan tsokana ake kaiwa ga man bilicin, wanda wasunsa ke ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata ko su taɓa ƙoda.

Duk wannan ba izinin ƙazanta ba ne. A yi wanka, a wanke kaya, a goge, a yi kitso.

Wata ranar Asabar kuma ki kai ta ta ga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew a nan Wusasa. A 1929 aka gina ta, lokacin da mishan ɗin CMS na cocin Anglican ya taso daga cikin birnin Zariya, inda Dokta Walter Miller ya yi shekaru yana aiki. Ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, da kaurin bango da bakan gizo a rufinsa. Ki bar ta ta shafa bangon da hannunta, ki gaya mata cewa iyaye da kakanni sun yi sujada a ciki tun kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Waccan yarinyar kuwa, na ɗinka mata atamfar da dukan iyawata, na sa shafi, na kalmashe kowane baki. Da ta zo karɓa na juya rigar na nuna mata cikinta, na ce, "'Yata, ranar Kirsimeti ki neme ni, kusa da ni za ki zauna."