Yadda Ake Gwada Taurin Injin da Aka Haɗa Kafin a Tada Shi

A garaji da yawa a nan Maraɗi, in an sauke inji an yi masa aiki, demarer ya kasa juya shi, sai a ce wa mai mota: "Alhaji, ka yi haƙuri, sabon aiki ne, in ya yi rodaj, wato ya ɗan sha tafiya, zai saki." Daga nan a ƙaro batir na biyu, ko a ɗaura igiya a ja motar har ta kama. Wannan al'ada tana kashe inji, kuma tana ba ni takaici, domin kuɗin talaka ne ke ƙonewa. Tauri iri biyu ne. Akwai na segiman sababbi, wato zobban da ke zagaye da pistan, da ke goga jikin silinda, shi wannan daidai ne, yana raguwa da tafiya. Akwai kuma na kusine, wato ɓawon ƙarfen da bilbireke (babban sandan da pistan ke juyawa) ke kwanciya a kansa, in ya matse shi, wanda ba ya saki har abada, sai dai ya ci kansa. Ana raba su ne tun wajen haɗawa, da hannu, mataki bayan mataki.

Ka fara da bilbireke shi kaɗai. Wanke komai tas, ka goge mazaunin kusine ya bushe, domin bayan kusine ba a sa masa mai, gabansa ake shafa wa. Ƙwayar yashi ɗaya a bayansa ta isa ta ɗaga shi ya matse, don haka lokacin hunturu da ƙura ke tashi kada ka haɗa inji a fili, ka shiga rumfa ka rufe kayan da leda. Ɗora bilbireke, ka sa murafunsa kowanne a lambarsa, kibiya tana kallon gaban inji. Ɗaure su da kile mai awon ƙarfin ɗauri bisa adadin da littafin motar ya faɗa, daga na tsakiya zuwa na gefe, ba duka lokaci guda ba. Duk wanda ka ɗaure, ka juya ka ji. In an gama, ya kamata bilbireke ya juya da hannu ɗaya ba kile, sumul, ba inda yake tsayawa.

A nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gaggawa. In ka ɗaure murfi na uku ya cije, to matsalar tana na uku, ba sai ka yi duba ba. Ko an musanya murafu, ko an juya shi baya, ko girman kusine bai dace ba. Bilbireken da aka kai aka gurza ana rage shi da milimita 0.25 ko 0.50, kuma dole kusine ya zama na wannan lambar. Ka sa na 0.25 a kan wanda ba a taɓa gurzawa ba, zai kulle ƙam. Kada ka yarda da rubutun kwali kawai, duba lambar da aka buga a bayan kusinen. In kuwa yana sakewa a rabin zagaye yana cijewa a ɗaya rabin, to mai yiwuwa bilbireken ya lanƙwashe. Ratar da mai ke bi a ƙananan motoci irin su Corolla ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.06, ido ba ya ganinta. Akwai zaren awo mai suna Plastigage, koren yana auna daga 0.025 zuwa 0.076: ka shimfiɗa shi a kan ƙarfen ba mai, ka ɗaure ba tare da ka juya ba, ka kwance ka gwada faɗinsa da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne sassauta noti don inji ya juya, ko goge kusine da takardar yashi.

Sai pistan. Kafin ka ɗora segiman, tura kowanne cikin silindarsa ka auna bakinsa. A silinda mai faɗin milimita 80, ratar ta kai kamar 0.3. Segiman da bakinsa ya haɗe, in ya ɗau zafi ba inda zai miƙe, sai ya karce silinda ko ya karye. Haka pistan, da yake na alminiyum ne, yana kumbura kusan ninki biyu na ƙarfen bulok, wato gangar jikin inji. Injin da ya matse da sanyin safiya, ka yi tunanin halinsa a watan Afrilu a hanyar Tasawa, zafi ya haura 40, Hiace cike da kaya.

Sa pistan ɗaya ɗaya, kana juyawa bayan kowanne. Yanzu hannu kaɗai ba zai iya ba, sai da kile, amma nauyin ya riƙa ƙaruwa daidai wa daida: abin da na farko ya ƙara, shi na biyu zai ƙara. Wanda ya ninka nauyin, kwance shi. Girgiza kowace biyel, wato sandar da ke haɗa pistan da bilbireke, gefe da gefe, ka ji tana ɗan motsi. In duka huɗun sun hau, kile na yau da kullum da hannu ɗaya ya isa ya zagaya da shi. Fizgar farko ta fi nauyi, wannan ba komai. In sai ka zura bututu a kan kile, ko yaron garaji ya taka da ƙafa, aikin bai yi ba.

Bayan ka ɗaure kulas, wato kan inji, ka sa bel ko sarƙar da ke haɗa bilbireke da sandar supap (supap su ne masu buɗe wa silinda hanyar iska da hayaƙi) a kan alamominta, bar buji a waje, ka juya zagaye biyu cikakku ta inda injin ke juyawa, domin sai bilbireke ya yi biyu sandar supap ke yin ɗaya. Za ka ji yana nauyi yana sakewa, ƙarfin sifirin ne na supap, mai laushi. In ya tsaya cak kamar ya bugi ƙarfe, dakata nan take, pistan ne ya taɓa supap. Koma ka duba alamomi.

Na ƙarshe shi ne mai. Zuba man inji, ka cire wayar wuta da fis ɗin famfon mai, buji har yanzu a waje. Buga demarer na daƙiƙa 10, ka huta, ka sake, har fitilar mai ta mutu. Da batir ɗaya mai caji ya kamata ya juya da sauri. In ya yi nishi alhali ba buji, duba batir da wayar da ke kama jikin inji tukuna. In lafiyarsu lau, kada ka mayar da buji, kwance kwanon mai ka fara daga murafun biyel.