Yadda Mai Ciwon Ƙashi Zai Shirya wa Ganin Likita da Tiyata a Bauchi

Mutanen da ke cika bencin sashen ƙashi a asibitocinmu iri-iri ne. Akwai saurayin da ya faɗi daga babur ya karye a cinya, akwai dattijuwar da gwiwa ta hana ta durƙusawa, akwai mai sikila da ƙugunsa ya fara lalacewa, akwai kuma jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a karkace. A jihar Bauchi yawancin waɗannan sukan ƙare ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko asibitin gwamnatin tarayya da ke Azare ga mutanen yankin Katagum, wasu kuma a tura su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ko'ina mutum ya nufa, abubuwan da suka fi jawo ɓata lokaci da ɗage tiyata ba su da yawa, kuma galibinsu majiyyaci da danginsa na iya magance su tun daga gida.

Da farko dai, akwai ciwon da ba a jiran ranar ganin likita dominsa. Idan ƙashi ya huda fata ya fito, ko akwai rauni a buɗe daidai wurin karayar, ko kuma yatsun hannu ko na ƙafa sun yi sanyi, sun canza launi, mutum ba ya jin taɓawa a kansu, to sashen gaggawa za a nufa nan take, ko da tsakar dare ne. A rufe raunin da tsumma mai tsabta, a tallafe gaɓar da katako ko kwali ba tare da an ɗaure tamau ba, kada a yi ƙoƙarin mayar da ƙashin ciki, kada a zuba toka ko man shanu ko garin magani. Haka nan kada a ba shi abinci ko kunu a hanya don tausayi, saboda mai yiwuwa ne a shiga da shi tiyata a ranar, kuma cikin da ke ɗauke da abinci yana jinkirta aikin.

Wanda ciwonsa ba na gaggawa ba ne, sai ya fara da samun takardar turawa daga asibitin da ya saba zuwa, domin manyan asibitoci sun fi saurin karɓar wanda ya zo da ita, kuma mai inshorar lafiya yana bukatarta kafin a biya masa. Likitocin ƙashi suna da ranakun da suke zama duba marasa lafiya, saboda haka mutumin Ningi ko Misau ko Alkaleri ya tabbatar da ranar kafin ya biya kuɗin mota, ya kuma yi sammako domin yankar kati da ciro fayil kan ci lokaci. Ka zo da dukkan hotunan ƙashin da aka taɓa yi maka, musamman na farko da aka ɗauka a ranar da abin ya faru, domin da shi likita zai gane ko ƙashin ya goce ko yana haɗewa. Kada a naɗe hoton ko a bar shi cikin rana a mota. Ka tattaro duk magungunan da kake sha a leda ɗaya da kwalayensu, har da na hawan jini da na suga da wanda ka saya a kemis ba tare da takarda ba, domin faɗin "wani farin ƙwaya ƙarami" ba ya amfanar likita da komai. Sa tufafi masu faɗi da za a iya ɗagewa sama da gwiwa ko kafaɗa. Macen da ke da ciki, ko take zaton tana da shi, ta faɗa kafin a ɗauke ta hoto.

Lokacin da za ka samu a gaban likita gajere ne, don haka ka tsara bayaninka tun a layi: yaushe ciwon ya fara, ta yaya, a ina yake, me ke ƙara shi, ko yana tashe ka daga barci, ko akwai zazzaɓi ko rama ko ruwa da ke fita daga wani wuri. Idan dattijo ne ko wanda ba ya ji sosai, ɗansa ko wani mai natsuwa ya shiga tare da shi, ya riƙe abin da aka ce.

Sai maganar da mutane suka fi ɓoyewa, wato zuwa wurin mai ɗori. Mafi yawan masu karaya a ƙasar nan da mai ɗori suke farawa, saboda yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, kuma iyaye da kakanni sun yarda da shi. Likita ya san da haka, kuma ba zai kore ka saboda shi ba. Abin da yake bukata shi ne gaskiyar lamari: kwana nawa aka yi da karan ɗori a jiki, sau nawa aka ja ko aka murza, an yi tsaga ko ba a yi ba, me aka shafa. Wannan bayani yana canza irin aikin da za a yi, domin ƙashin da ya haɗe a karkace sai an sake raba shi kafin a daidaita, wurin da aka yi wa tsaga kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da za su hana a sa ƙarfe nan da nan. Babban haɗarin ɗori shi ne ɗaurin da ya matse gaɓar da ke kumbura, ya toshe hanyar jini, naman ya mutu cikin 'yan awoyi. Yara da yawa da suka rasa hannu bayan karayar gwiwar hannu ta wannan hanya suka rasa shi, kuma tsoron da ake yi cewa "asibiti yankewa suke yi" yana juya labarin ne, domin sau da yawa gaɓar ta riga ta mutu kafin a iso. Ni a ganina, uban da ya ga ɗansa yana kuka ba ƙaƙƙautawa bayan ɗori, yatsunsa sun kumbura, bai kamata ya jira izinin kowa ba kafin ya sa a kwance ɗaurin a nufi asibiti.

Haka ma batun magungunan da ake sha a ɓoye. Wanda ya daɗe yana shan dexamethasone ko prednisolone, ko don ciwon gaɓoɓi ko don ƙiba, dole ya faɗa, saboda suna raunana ƙashi, suna iya kashe kan ƙashin ƙugu, kuma daina su farat ɗaya kafin tiyata haɗari ne. Wanda jikinsa ya saba da tramadol shi ma ya faɗa wa likitan da zai sa shi barci, domin adadin maganin kashe zafin da za a ba shi ya danganta da hakan. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe duk su shiga cikin lissafi.

Idan likita ya ce sai an yi tiyata, kada ka fito sai ka fahimci abin da za a yi. Ka tambaya ko akwai wata hanya ban da tiyata da abin da zai biyo baya idan ba a yi ba, ko za a sa ƙarfe kuma wane iri, kwana nawa za ka yi a kwance, da yaushe ake sa ran za ka taka ƙafar ko ka koma sana'arka. Ka nemi a rubuta maka kiyasin kuɗi dalla-dalla, domin a aikin ƙashi kuɗin ƙarfen kan zo daban da kuɗin tiyata da na gado da na magani, kuma wani lokaci shi ne mafi tsada. Mai inshorar lafiya ta hukumar NHIA ta tarayya ko ta hukumar BASHCMA ta jiha ya je ofishinsu da wuri ya ji abin da za su ɗauka da abin da zai biya da kansa, tun da ba kowane ƙarfe ko gaɓar roba inshora ke biya gaba ɗaya ba. Duk kuɗin da za a biya a biya shi a wurin da asibiti ya tanada, a karɓi rasit a adana.

Gwaje-gwajen kafin tiyata sun haɗa da yawan jini, rukunin jini, suga, aikin ƙoda, da gwajin sikila, sannan ga masu shekaru akan ƙara gwajin zuciya da hoton ƙirji. A yi su da wuri, domin idan aka tarar jini ya yi ƙasa ko suga ya hau, ana bukatar lokaci a gyara. Aikin cinya da ƙugu yana cin jini, kuma yawanci za a ce dangi su kawo masu bayarwa. Kada a bar wannan sai ana gobe tiyata, saboda sai an gwada jinin kowane mai bayarwa, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙi karɓar na wasu. Ya fi kyau a tanadi mutane fiye da adadin da aka nema, baligai masu lafiya, su ci abinci su sha ruwa kafin su je.

Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko clopidogrel ko aspirin kada ya daina da kansa, kada kuma ya ci gaba da kansa. Likita ne zai faɗi ranar da za a dakata. Mai suga ya tambayi yadda zai yi da ƙwayoyinsa ko allurar insulin a safiyar da ba zai ci abinci ba, mai hawan jini kuma ya tambayi wanne zai sha da ɗan kurɓin ruwa. Mai sikila ya tabbatar likitan jini ya san da maganar tiyatar, domin ƙishirwa da sanyi da ƙarancin iska suna tayar da ciwon. Mai shan taba ya bari makonni kafin aikin, ya kuma ci gaba da bari bayansa, saboda taba tana rage jinin da ke isa ga ƙashi, tana jinkirta haɗewarsa. Idan akwai maruru ko ƙuraje a kusa da wurin da za a yanka, ko ciwon haƙori mai ruɓa, ko zafin fitsari, ko mura da zazzaɓi, a faɗa tun kafin ranar, domin ƙwayar cuta idan ta kama ƙarfen da ke cikin ƙashi tana da wuyar fita, har takan sa a cire shi.

Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce barin abinci awa 6 kafin tiyata, ruwa zalla kuma awa 2, amma umarnin asibitinka shi ne abin bi. Kunu da koko da fura da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Dalilin hanin shi ne, wanda aka sa barci yana iya yin amai ya shaƙe abin da ke cikinsa zuwa huhu. A yi wanka da sabulu, kada a aske wurin da reza a gida, a cire zobe da awarwaro da haƙorin roba da fentin farce. Yawancin ayyukan ƙafa da allurar baya ake yin su, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa na 'yan awoyi mutum yana farke. Kafin ka sa hannu a takardar amincewa, a karanta maka ita da Hausa, ka tabbatar an rubuta gaɓar da ta dace, hagu ko dama, kuma an yi mata alama. Matar aure baliga ita ke da hakkin sa hannu a kan jikinta, amma idan iyali sun saba sai da shawarar maigida, a gama shawarar tun kafin ranar.

Gidan da za a koma shi ma yana bukatar shiri. Wanda aka yi wa aikin ƙugu ko gwiwa ba zai iya tsugunawa a masai ko zama a tabarma ba na tsawon lokaci, don haka a tanadi kujerar bayan gida mai tsayi, da gado maimakon katifa a ƙasa, a ɗakin da ba shi da matakala. A sayi sandunan dogarawa daidai tsayinsa, ma'aikatan sashen gashi, wato masu motsa gaɓoɓi, su koya masa tafiya da su kafin sallama. Salla a zaune ko a kwance halal ce ga mara lafiya, kuma malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji da taimama, saboda haka babu dalilin jiƙa filasta wajen alwala. Kada a cusa tsinke cikin filasta don susa, kuma a riƙa ɗora gaɓar a kan matashi domin kumburi ya sauka.

Bayan sallama, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba idan zafi yana ƙaruwa duk da shan magani, ko yatsu sun mutu ko sun yi baƙi, ko raunin yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya taso. Kumburin sha-raɓa mai zafi, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, suna iya zama alamar gudan jini, kuma wannan na gaggawa ne. Karayar babban ƙashi a jikin baligi takan ɗauki wata 3 ko fiye kafin ta haɗe, ta yaro kuma ta fi sauri, kuma gushewar zafi ba shaida ba ce cewa ƙashin ya haɗe, domin ƙarfen da aka sa yana iya lanƙwashewa ko karyewa idan aka ɗora masa nauyi da wuri. Likita ne zai faɗi lokacin takawa. A riƙa zuwa gashi kamar yadda aka tsara ko da yana da zafi, tun da gaɓar da aka bari ba motsi takan sandare. Game da cire ƙarfe kuwa, ba kowanne ake cirewa ba. Wasu ana barinsu har abada idan ba su damun mai su, na yara da waɗanda suka leƙo waje kuma akan cire su, saboda haka a tambayi likita tun ranar sallama wane iri ne aka sa, a kuma adana takardar sallamar tare da hotunan.