Yadda Ake Koya wa Kare Jin Magana da Haƙuri

Tun da daɗewa malaman fiƙihu suka fayyace siffar karen farauta mai horo, wanda aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da ya kamo. Shi ne karen da in an sake shi zai tafi, in an tsawata masa zai tsaya. Wasu malaman suka ƙara da cewa in ya kama ba zai ci ba, ubangidansa zai ajiye wa. Wanda ya ajiye kare don gadin gida ko tsaron garke ma bukatarsa ke nan: dabbar da in an kira ta za ta zo, in an ce ta bari za ta bari. Ba a haifar kare da wannan hali, kuma sanda ba ta koyar da shi. Kare yana maimaita duk abin da ya jawo masa riba ne, don haka aikinka shi ne ka sa haƙuri ya fi gaggawa riba a wurinsa.

Kafin a fara

Fara da likitan dabbobi. Ana yi wa kwikwiyo allurar riga-kafin ciwon haukan kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga karnuka suke kamuwa. A Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa wannan allura. A ba shi maganin tsutsar ciki, a raba shi da kaska da ƙuma, don karen da ke fama da ƙaiƙayi hankalinsa ba zai zauna a kanka ba.

Sai tukuici, wato ɗan abin daɗi da za ka riƙa ba shi duk lokacin da ya yi daidai. Dafa hanta ko tsoka ba gishiri ba yaji, ka yayyanka ƙanana, kowane yanka bai wuce ƙwayar wake ba. Ban da tsire da kilishi, saboda barkono da albasa, ita albasa tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ban da cakulan, ban da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa a maƙogwaro. Wanda ba ya son yawun kare ya taɓa hannunsa sai ya sa safar hannu, ko ya riƙa jefa tukuicin a ƙasa.

Minti 5 ya isa darasi ɗaya, sau 2 ko 3 a yini, da sanyin safiya ko bayan la'asar, kafin ya ci abinci. Ƙoshasshen kare cikin zafin rana ba abin da zai koya. Mutanen gida kuma su daidaita baki. In maigida yana cewa "zauna", uwargida tana cewa "tsuguna", yara suna ta ihu, laifin ba na kare ba ne.

In kwikwiyo ne a hannunka, to icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na haihuwa, abin da ya gani cikin kwanciyar hankali shi zai ɗauka a matsayin abin yau da kullum. Ya ji ƙarar babur da janareta, ya ga awaki da kaji, ya ga mai rawani da mai hijabi da yara 'yan makaranta, amma a nesanta shi da karnukan titi har alluransa su cika. Masu kulle kwikwiyo a ɗaki wai don ya tashi da zafi, matsoracin kare suke rainowa, shi kuwa matsoraci ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci.

Mataki na 1: kalmar "yawwa" da sunansa

Kare yana danganta tukuici da abin da yake yi a daidai lokacin da ya same shi. In ka yi jinkirin daƙiƙa 5 kana lalube a aljihu, ya riga ya tashi ya shinshina ƙasa, sai ya zaci shinshinar aka biya. Maganin wannan shi ne kalma guda gajera mai nufin "abin da ka yi yanzun nan daidai ne, ga naka nan tafe". "Yawwa" ta dace. Ka ce "yawwa", ka ba shi yanka ɗaya, ka ɗan dakata, ka sake, kamar sau 15. Abin da Ivan Pavlov na Rasha ya lura da shi ke nan a karnukansa fiye da shekara 100 da suka wuce: sautin da kullum abinci ke biyo bayansa, shi kaɗai yakan sa yawun kare ya tsinke.

Daga nan kira sunansa sau ɗaya. Da ya waiwayo, "yawwa", tukuici. Kada ka riƙa kiran sunan in za ka yi masa faɗa.

Mataki na 2: zauna da kwanta

Riƙe yanka a saitin hancinsa, ka ɗaga a hankali zuwa tsakiyar kansa. Hanci zai bi sama, gindi ya sauka ƙasa. Da ya taɓa ƙasa, "yawwa". Kada ka danna bayansa da hannu. Sai ka ga yana yi ba gardama sannan ka fara furta "zauna" kafin motsin hannun, sau ɗaya tak. Mai cewa "zauna, zauna, na ce ka zauna" yana koya wa karensa cewa sai a ta uku ake zama. Bayan 'yan kwanaki ka yi motsin da hannu ba komai a ciki, tukuicin ya fito daga aljihu bayan ya zauna, don kada ya saba da sai ya ga nama zai ji magana.

Kwanciya ma haka take: daga zaune ka saukar da yankan tsakanin ƙafafunsa na gaba, ka ja shi kaɗan zuwa wajenka.

Mataki na 3: jira

Nan ne asalin aikin, kuma kwanon abincinsa ya ishe ka. Sa shi ya zauna, ka fara sauke kwanon a hankali. Da ya ɗaga gindi, ka ɗaga kwanon sama, ba tsawa, ba harara. Ya koma ya zauna, ka sake saukewa. Ranar farko wataƙila ka yi hakan sau da yawa har hannunka ya gaji, shi kuma yana ta rawar jiki, yawu na zuba. Can za ka ga ya ƙame, ƙafafun gaba suna karkarwa, ido yana kai komo tsakanin kwano da fuskarka. Ya fara ganewa ke nan cewa tsalle yana nesanta abinci, zama yana kusanto shi. Ajiye kwanon, ka ce "ci". Da farko daƙiƙa 1 ta isa, a hankali ta koma 5, ta koma 20.

Mayar da wannan dabara kan ƙofar gida. Ya zauna, ka fara buɗewa, in ya yunƙuro ka mayar da ƙofa, kana kula kada ka matse masa hanci. Ba ya fita sai ka ce "tafi". Karen da ya iya wannan ba zai faɗa titi gaban mota ba don yaro ya bar ƙofa a buɗe.

Abu 3 ake ƙarawa a jira: tsawon lokaci, nisanka da shi, da abin ɗauke hankali. Ɗaya bayan ɗaya ake ƙara su. In ya karya sau 2 a jere, kai ne ka yi sauri, koma baya kaɗan.

Mataki na 4: bari

Damƙe yanka a tafin hannu, ka miƙa masa dunƙulen. Zai lasa, ya yakusa, ya tura da hanci. Kai dai ka yi shiru. Da ya janye kansa ko da kaɗan ne, "yawwa", ka ba shi daga ɗaya hannun. Wannan na ɗaya hannun yana da muhimmanci, don abin da aka ce ya bari ba nasa ba ne har abada. In ya gane, sa kalmar "bari". Sai ka buɗe tafin, in ya kawo baki ka rufe. Sai a ƙasa, ƙafarka tana kusa don takewa.

Daga nan sai kaji da 'yan awaki, waɗanda su ne suka fi haɗa mai kare faɗa da maƙwabta. Riƙe shi da igiya, ku tsaya a nisan da yana ganin kaza amma har yanzu yana jin ka. Ya kalle ta ya juyo gare ka, biya shi da kyau. Kullum ku matsa kaɗan. In ya kafe ido, jiki ya sandare, ya ƙi karɓar hanta, kun matsa da yawa. Karnukan da jininsu na farauta ne, irin dogon karen Azawak na Buzaye a Nijar da Mali, gudun abu kaɗai yana tayar musu da hankali. Irin waɗannan, a ganina, kada a bar su su kaɗai da kaji komai horon da suka sha.

Mataki na 5: zo

Fara a tsakar gida da igiya mai tsawon mita 5 zuwa 10. Kira sunansa, ka ce "zo" da sakin fuska, ka ɗan ja da baya. Da ya iso, ba shi mafi daɗin abin da ke aljihunka, ka taɓa abin wuyansa, sannan ka sake shi ya koma wasa. In kullum kiran yana ƙarewa da ɗauri, zai daina zuwa. Ko ɓarna ya yi, muddin ya amsa kira ba a dukansa. Kada kuma ka bi shi da gudu, wasa zai ɗauka.

Mataki na 6: igiya da baƙi

In ya ja igiya, tsaya cak. Ta yi sako-sako, ku ci gaba. Tafiyar farko ba za ku yi nisa ba, ba komai. In yana yi wa mutane tsalle, wanda aka yi wa ya juya baya, ba magana, ba turewa, sai ƙafafu huɗu sun dawo ƙasa a kula shi. Ya fi kyau ma ka ware masa wuri da tsohon buhu ko tabarma, ka koya masa "wurinka", ta yadda da an yi sallama can zai nufa. Baƙi da yawa ba sa son kare ya raɓe su, haƙƙinsu ne.

Abin da zai biyo baya

In umarni ya zauna, rage nama: wani lokaci yanka, wani lokaci yabo, wani lokaci buɗe ƙofa ko jefa masa ƙwallo. Ka kuma maimaita darasin a zaure, a ƙofar gida, a gona, don kare ba ya saurin gane cewa "zauna" ta tsakar gida ita ce ta bakin titi. Daga wata 6 zuwa wajen shekara 1 da rabi, lokacin balaga, zai yi kamar bai taɓa jin kalmomin nan ba. Koma kan igiya da gajerun darussa, zai wuce. Karen da ke yini a sarƙa ba zagaye kuwa, ƙarfin da ya taru a jikinsa ba zai bar shi ya natsu ba, a fita da shi safe da yamma.

In ya yi gurnani, kada ka doke shi. Gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi yakan kai cizo ba sanarwa. Janye yaro ko baƙon, ka duba abin da ya tayar masa, ko ciwo ne ko tsoro ko kishin abinci, ka kai shi wurin likita in abin ya maimaitu. Ƙaramin yaro ba a barinsa shi kaɗai da kare, ko wane iri ne. In kuwa cizo ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da an yi wa karen allura.