Yadda Ake Zaɓen Hular Kwano Don Babur Mai Ƙafa Huɗu da Ƙaramar Motar Daji

Babur mai ƙafa huɗu, da ƙaramar motar daji mai kujeru biyu a jere wadda ake zagaya gona ko garke da ita, suna yaudarar mai hawa, domin ganin tayoyi huɗu a ƙasa yakan sa mutum ya ɗauka cewa maganar faɗuwa ta ƙare. Gaskiyar ita ce waɗannan injuna suna da tsawo bisa, ga ƙarancin faɗi, don haka idan aka sha kwana da gudu a cikin rairayi irin na hanyoyin Dakoro da Mayahi a jihar Maraɗi, ko taya ɗaya ta faɗa ramin da ruwan damina ya haƙa a gefen gulbi, kifewa suke yi. Ko a motar da ke da ƙarafan kariya da bel ɗin ɗaura jiki, kan mutum yakan bugi ƙarfen da ke gefensa sa'ad da ta mirgina. Saboda haka hular kwano ta wajaba a kan direba da wanda ya ɗauko.

Ka fara da duba cikin hular kafin bayanta. Ɓawon waje, na roba mai tauri ko na zaren gilashi, aikinsa hana abu mai tsini shiga da kuma baza ƙarfin bugu. Abin da ke ceton ƙwaƙwalwa shi ne soso mai tauri da ke manne a ƙarƙashin ɓawon, wanda yake murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun. A hula ta ƙwarai kaurinsa yakan kai wajen santimita 2 zuwa 2 da rabi, kuma idan ka danna shi da yatsa ba ya lotsawa. Hular da ta rufe fuska duka takan yi nauyin kilo 1 da rabi ko ƙasa da haka kaɗan. Wadda ka ɗaga ka ji ta shafal, cikinta kuma yadi ne da soso mai laushi irin na katifa, ka ajiye ta ko da mai shago ya rage kuɗi. Haka ma hular ma'aikatan gini, wadda aka yi don tare abin da ya faɗo daga sama, ba ta da amfani a nan.

Sannan ka nemi shaidar gwaji. Hulunan da suka cika ƙa'idar Turai ta ECE 22 suna da ɗan ƙyalle da aka ɗinke a jikin maɗaurin haɓa, mai harafin E a cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta amince da ita: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya. Doguwar lambar da ke kusa tana farawa da 05 ko 06, kuma 06 ce sabuwa mai tsananin gwaji. Harafin P yana nufin an gwada sashen da ke kare haɓa, J kuma hula ce marar wannan sashe. Na Amurka suna da alamar DOT, ta ma'aikatar sufurin ƙasar, da aka manna a ƙeya, amma a can kamfani ne da kansa yake shaida cewa kayansa sun cika sharaɗi, ga shi kuma takardar mannawa ba ta da wuyar bugawa, don haka ni na fi yarda da ɗinkakken ƙyalle haɗe da kaurin soson da na gani da idona.

Batun siffa shi ne inda yanayin Maraɗi ya shigo. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma hular da ta toshe iska za ta ƙare a rataye a jikin babur, ba a kan mai shi ba. Don haka ga babur mai ƙafa huɗu, wadda ta fi dacewa ita ce irin ta masu tseren daji: mai dogon baki a wajen haɓa, da rumfar tare rana a goshi, da kafofin shan iska, wadda ake haɗawa da tabarau mai roba da ke manne wa fuska. Wannan tabarau ya fi gilashin hula tare ƙura a lokacin hunturu, kuma yana kare ido daga ƙayar aduwa da bagaruwa. Ka tafi da shi wurin saye, ka tabbatar ya zauna a tagar hular ba tare da ya danne hanci ba. Mai ƙaramar mota kuwa ya zauna a kujerarsa da hular a kansa ya ga ko rumfar tana taɓa rufi. Launi mai haske ya fi baƙi sauƙin zafi, kuma an fi hango shi cikin hazo.

Hula mai tsada da ta yi wa mutum yawa tana iya fita tun kafin kansa ya kai ƙasa, shi ya sa awo ya fi kome muhimmanci. Ka sa tela ya zagaya kanka da tef ɗinsa, kamar yatsa biyu sama da gira, ta inda ƙeya ta fi tudu. Yawancin kamfanoni suna ba santimita 55 zuwa 56 harafin S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, amma siffar kai ta bambanta, sai an gwada. Ka cire hula ko rawani kafin gwaji, kuma kada ka sa su a ƙarƙashin hular kwano wajen tuƙi. Ta kama kumatu da goshi sosai ba tare da ciwo a wuri guda ba, domin sabuwa takan ɗan saki bayan an yi amfani da ita. Ka ɗaure maɗaurin har yatsa biyu kaɗai ke iya shiga ƙarƙashin haɓa, ka riƙe hular ka juya ta dama da hagu: fatar fuska ta bi ta. Sannan ka kama ƙeyarta ka ture gaba da ƙarfi, idan ta zame ta rufe ido ko ta nemi fita, ka nemi ƙarama. Ka bar ta a kanka na minti 10 ko 15 a shagon, mai kaya ya yi haƙuri. Yaro ma a auna nasa kan, kada a saya masa babba wai don ya girma a ciki.

Ta gwanjo kuwa ban ba da shawararta ba, domin soson da ya taɓa shan bugu ba ya komawa yadda yake, kuma ɓawon yana iya ɓoye ɓarnar. Saboda wannan dalili, taka ma idan ka faɗi da ita kai ya bugu, ka canza ta, kuma masu ƙera su da yawa suna cewa a sake sabuwa bayan kamar shekara 5. Kada man fetur ko fenti su taɓa ta, kada a bar ta a rana tsakar gida, yadin ciki kuma a riƙa cire shi ana wankewa da sabulu da ruwa, a shanya a inuwa.