Darasi na Bakwai: Abin da Kwanson Harsashi Ke Faɗa Bayan Harbi

A Amurka doka ta yarda maharbi ya tattara kwanson harsashin da ya harba, ya sake cika shi a gida. A Najeriya ba haka ba ne, yin harsashi ba da lasisi ba laifi ne. Wannan darasi ya duba yadda maharban can ke gane haɗari tun kafin bindiga ta fashe a hannunsu.

Kwanso tagulla ce, jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. A gindinsa akwai ɗan maɓalli mai suna firaima, shi allurar bindiga ke sara sai albarushi ya kama. Iskar da wutar ta haifar ita ke tura harsashi, kuma matsinta yana da iyaka. Ƙungiyar SAAMI ta masana'antun bindiga da harsashi na Amurka, wadda aka kafa a 1926, ta tsayar da fam 62,000 kan kowane murabba'in inci ga harsashi samfurin .308 Winchester, fam 60,000 kuma ga .30-06.

Alamomin matsi

Hannu ne ke fara ji. Idan sakatar bindiga ta yi tauri wajen ɗagawa bayan harbi, kwanso ya kumbura ya cije. A dakata nan take.

Sai a juya gindin kwanso a gaban haske. In an ga ɗan tabo mai ƙyalli a kan rubutun gindin, tagulla ce ta yi laushi ta kutsa ramin ƙusar da ke tunkuɗo kwanso waje. Wannan shaida ce mai ƙarfi. Haka nan idan sabon firaima ya shige raminsa ba tare da an danna ba, gindi ya buɗe, kwanson ya gama aiki.

Firaima kuwa yakan ruɗi mutum. Zai iya bajewa saboda matsi, zai iya bajewa kawai don an matse kafaɗar kwanso, wato inda jikinsa ke tsukewa zuwa wuya, fiye da kima har kwanson yana wasa a mazauninsa cikin bindiga. Tudun da ke tasowa kewaye da saran allura ma wani lokaci faɗin ramin allurar ne ya jawo shi. Kada a yanke hukunci da firaima kaɗai.

Ga inda mutane suka fi yin sake: sau da yawa alamun nan ba sa fitowa sai matsi ya riga ya zarce iyaka. Kwanso mai kyan gani bai zama izinin ƙara albarushi ba. Littafin awon albarushi na masana'anta shi ne madogara, ana farawa daga mafi ƙarancin awonsa, ba a haura na ƙarshe. Abin da ya yi daidai da sanyin hunturu yana iya yin yawa a tsakar rana da bazara.

Lafiyar tagulla

A lanƙwasa bakin siririyar waya, a zura cikin kwanso, a karto bangon daga ƙasa. In ta maƙale a wani kwari kusa da gindi, tagulla ta sirance, gindi na dab da gutsirewa. Daga waje wurin yakan nuna zobe mai haske. A murƙushe irin wannan da filaya, kada ya koma cikin masu kyau.

Wuyan kwanso, wato siririn ɓangaren da ke riƙe harsashi, yana tsagewa ne don tagulla na ƙara tauri duk lokacin da aka matsa ta. Gasa wuyan kaɗai na dawo da laushinsa, amma zafi bai kamata ya kai gindi ba ko kaɗan. Kwanso kuma yana ƙara tsawo. Na .308 kada ya wuce inci 2.015, in ya wuce bakinsa zai shaƙe harsashi, matsi ya hau. Kwanson soja yakan fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, don haka ba a cakuɗa shi da na kasuwa. Man goge ƙarfe mai amoniya yana sa tagulla tsagewa, a nisanta shi da kwanso.