Yadda zaku koya wa yara ilimin halittu a gida da ful da albasa

Yan uwa iyaye na Gadarif da Mai Wurno da duk inda yaƙin Sudan ya watsa mu, tun watan Afrilu na 2023 karatun yaran nan ya samu tangarɗa, wasu sun koma aji amma an bar su a baya sosai, kuma darasin ahya, wato ilimin halittu, na cikin waɗanda suka fi shan wahala don mutane na ɗauka sai da ɗakin gwaji ake koyonsa. Wallahi ba haka bane. Mafarinsa yaro ya iya tambaya, ya yi hasashe, ya gwada, ya rubuta abinda idonsa ya gani ba abinda malam ya faɗa ba. Haka masana na da suka yi: Ibnul Haisam, masanin kimiyya mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, da gwaji ya binciki yadda haske yake tafiya da yadda ido yake gani.

Ku fara da ful, wato waken nan mai faɗi. Ku jiƙa shi ya kwana, ku samo kofi biyu iri ɗaya, ku sa auduga mai laima a ciki, kowane kofi ƙwaya biyar. Ɗaya a bakin taga, ɗaya cikin kwali a rufe inda babu haske ko kaɗan. Kafin komai ku tambayi yaron: wanne zai tsiro? Kusan duk yaro zai ce na duhun bazai fito ba, ku bashi littafi ya rubuta hakan da hannunsa, kuma dan Allah kar ku gyara masa, nan ne iyaye da yawa suke ɓata abin don bakinsu baya iya riƙe amsa. Ruwa iri ɗaya, ful iri ɗaya, haske kaɗai ya bambanta, in kun canza abu biyu a tare to bazaku san wanne ya jawo sakamakon ba. Kullum da safe ya auna da rula ya rubuta. Cikin mako zuwa kwana goma zai ga na duhun ma ya tsiro, har ya fi tsawo, amma siriri ne rawaya ba ƙarfi, na tagan kuwa gajere kore shar. Sai ku nuna masa dalili: ƙwayar tana ɗauke da guzurinta, shi take ci ta tsiro, amma koren ganye da haɗa abinci daga iska da ruwa sai da rana. Hasashensa ya faɗi kuma ba laifi bane, ku yaba masa da ya rubuta gaskiya.

Sai ƙwayar halitta, wato ɗan mitsitsin ɗakin da aka gina jikin mai rai da shi. Robert Hooke a Ingila ya fara ganinta a 1665 a jikin ɓawon itace, a 1838 da 1839 wasu Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka ce tsirrai da dabbobi duk da ita aka gina su. Ku yanka albasa, ja tafi kyau, ku saɓule siririyar fatar nan da farce, ku shimfiɗa ta kan gilashi mai tsabta da ɗigon ruwa, ku haska tocila daga ƙasa. In akwai madubin ƙara girma ku duba dashi, ko ku ɗauka da waya ku zuƙo hoton, idan hasken yayi daidai zaku ga ƴan ɗakuna a jere kamar tubalin katanga. Cibiyar ƙwayar bata fitowa sai da na'urar ƙara girma ta makaranta, amma yaron ya zana abinda ya gani. Daga nan ku barbaɗa gishiri kan sauran albasar, bayan ɗan lokaci ruwa zai tsatso ta yi laushi, gishirin ne ya janyo ruwan cikin ƙwayoyin ta fatarsu, shi yasa salata take sakin ruwa in an sa mata gishiri da wuri.

Na abinci yafi daɗin koyarwa. Ku sayo aidin ɗin wanke ciwo a saidaliyya, wato kantin magani, ku ɗiga kan kisra (siririyar gurasar dawa), dafaffiyar shinkafa, dankali da farin ƙwai. Duk mai sitaci zai koma shuɗi mai duhu kusan baƙi, ƙwan bazai yi ba don shi furotin ne. Abincin da aidin ya taɓa a zubar, kwalbar kuma a ɗaga ta sama. Riɗi ko gyaɗa ku murza a takarda, tabon da haske ke ratsawa kuma baya bushewa shine mai. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne (kalori ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki ne), sitaci da furotin kalori 4 kowanne.

Abinda nafi so yaran su fahimta shine dawa kaɗai bata isar jiki mai girma, furotin ɗinta yana da giɓi, ful da wake da adas ne suke cike shi, don haka kisra ko asida su samu abokin tafiya. Ku matsa lemun tsami a kan ful don yana taimaka wa jiki ya sha ƙarfen da ke gina jini, shayi kuma yana rage shan ƙarfen, a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci, musamman ga ƴanmata da masu ciki.